An Kawo Ruwa!

A unguwarmu babu labarin da ya kai na ruwa saurin yaɗuwa. Ko haihuwa sai gari ya waye ake jin ta, amma daren da famfo ya yi tari da ƙarfe biyu, kafin ya gama fitar da iskar da ke cikinsa layi duk ya ɗauka. Wadda ta fara ji ba ta ɓoyewa. Sai ka ji an buga katanga: "Maman 'yan biyu, idonki biyu? An kawo ruwa!" Daga can a amsa, "Allah ya saka da alheri, Hajiya, bari in tashi yara." Nan da nan ƙarar bokiti da baho ta cika gidaje. Duk abin da ke da baki sai ya sha: duro, jarkoki, randa, tukunyar girkin biki, har butocin alwala. Yaran da ba sa tashi da asuba sai da tsawa, a daren ruwa da kansu suke miƙewa, don sun san in aka rasa, su za a tura nema da safe. Ruwan farko ja yake zuwa, na ban-ɗaki ne da yayyafa tsakar gida. Sai ya washe sannan a tari na sha. Kafin assalatu an gama wankin da ya taru, an shanya shi cikin duhu.

Muna da tsarinmu kuma, wanda babu wanda ya taɓa rubuta shi. Gidajen gangare su ke fara samu, su ne kuma na ƙarshen rasawa, don haka tiyonsu ba nasu ba ne su kaɗai, ana zura shi ta kan katanga ya leƙa gidan tudu. Tsohuwar da ke zaune ita kaɗai, samarin layi ne ke cika mata randa ba sai ta roƙa ba. Mai jego ba ta bin layi. Wanda Allah ya hore wa ya haƙa burtsatse yakan fito da kan famfo biyu ko uku ta jikin katangarsa, ya ce Allah ya kai ladan kabarin iyayensa. Ina alfahari da wannan hali namu ƙwarai. A Kano hana ruwa abin kunya ne, ko da kai da maƙwabcinka ba kwa ga-maciji.

Sai dai fa akwai tambayar da in ka jefa ta a teburin mai shayi za ka ji amsa iri-iri. Wannan ruwan daga ina yake zuwa? Wani ya ce daga Goron Dutse, saboda ya san akwai manyan tankuna a can. Wani ya ce daga Calawa, haka ya ji kakarsa na faɗa. Mafi yawa kuwa cewa za su yi, "Ai gwamnati ce ke kawowa," su ci gaba da shan shayinsu. Da wuya ka ji matashi ya ambaci Tiga, in ma ya ambata to kifi ya tuna, ko yawon sallah. Mun san famfo ciki da waje, mun san tarinsa da shirunsa, amma ba mu san dam ba.

Alhali tafiyar ruwan nan doguwa ce. Daga sama yake sauka a tsaunukan kudancin jiha, wajen Doguwa da Tudun Wada, ya gangaro ta rafuka ya taru a bayan madatsar Tiga, kimanin kilomita 70 daga birni. Daga nan ake sakin sa cikin Kogin Kano da awo, ya bi yashi yana tafe har Tamburawa a hanyar Zariya, inda injina ke zuƙo shi. A zuba masa alif lakar da ke ciki ta dunƙule ta kwanta, a tace shi ta cikin yashi, a sa masa kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta, sannan wasu injinan su tura shi cikin bututu zuwa tankuna da unguwanni. Kowane mataki yana cin wuta, in babu wuta ya ci man gas. Ɗan'uwansa na Kogin Calawa haka yake tasowa daga madatsar da ke kusa da Ƙaraye, wadda aka gama a 1992, ya zo matatar da ke wajen Panshekara. Mutanen arewa maso yammacin birni kuwa da Bici nasu na madatsar Watari ne, a ƙasar Bagwai. Abin da muke tara a baho da tsakar dare ya ratsa ƙananan hukumomi da yawa kafin ya same mu.

Dattawan layinmu su ne suka san darajar wannan, shi ya sa in hira ta biyo ta nan ba a iya tsayar da su. Sun ga zamanin da birni ke dogaro da rijiya da kududdufi. Ruwan famfo ya shigo Kano tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, amma kogin da ake ɗebowa na damina ne. Da rani ya tsaya sai ya zama filin yashi, mutane na tono da ƙwarya suna jiran ya tsatso. Audu Bako, gwamnan Kano na farko, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, shi ya dage kan cewa ruwan da ke wucewa banza cikin damina a tsare shi. An gina Tiga tsakanin 1971 da 1974, daidai lokacin da fari ya kwantar da shanu ya kori mutane daga garuruwansu a duk faɗin Sahel. Tana iya ɗaukar kusan kubik mita biliyan 2. A zamaninsa da shekarun da suka biyo baya aka yi ta gina ƙanana: Bagauda, Tomas a wajen Ɗambatta, Kusalla a Ƙaraye, Guzuguzu a Kabo, Magaga, Kafin Ciri, Gari, Watari. Da wuya ka sami jihar da ta kai Kano yawan madatsun ruwa a Nijeriya.

Akwai abin da dattawan ke ƙarawa, wanda ya kamata a riƙa gaya wa yara. Wurin da ruwan Tiga ke kwance yau garuruwa ne da. Akwai gonaki a ƙarƙashinsa, da kukoki, da kufan gidaje, da maƙabartu. An tashi mutane aka mayar da su sababbin wurare domin mu sha. Wasu jikokinsu har yanzu suna zaune a kusa da ruwan, suna kallonsa, kuma ba kowane ƙauyensu ke da famfo ba. Duk wanda ya san haka ba zai bar famfo a buɗe ya tafi barci ba.

Mu kuwa muna bari. Ranar da aka kawo ruwa da ƙarfi, in duro ya cika sai ya yi ta tumbatsa har ya fita ta rariya. Kan famfon da ya lalace sai a ɗaure shi da roba, ya shekara yana ɗiga. Wanda jiya ya yi wanka da rabin bokiti, yau tiyo zai ja ya wanke mota, ya wanke ƙofar gida, ya jiƙa titi. A wajen alwala ma, inda malamai suka fi ja mana kunne kan israfi, za ka ga an buɗe famfo ana gaisawa yana zuba. Tattalinmu na ranar rashi ne kawai.

Ku duba lissafin. Damina a ƙasar Kano wata huɗu ce, in ta yi kyau ta ɗan ɗara. Daga Oktoba har watan Mayu babu ɗigo. Ke nan ruwan da ke fitowa a famfo cikin zafin Afrilu ruwan Agustan bara ne da aka ajiye, kuma rana da iskar hunturu sun riga sun sha rabonsu a ciki. Dam randa ce, randar gari duka. To kowa ya san yadda iyayenmu mata ke riƙon randa. Ana girke ta a kan yashi mai laima a inuwa, a rufe da faifai, a ware mata moɗarta da ba ta taɓa ƙasa. Lokaci-lokaci a juye ta a wanke gindin, a turara ta. Yaron da ya tsoma hannu a ciki ranar zai ji faɗan da ba zai manta ba: "Kai, randar da kowa ke sha za ka sa wa hannu?" Wannan ladabi mun gaje shi, ba wani ya koya mana ba. Abin da ke damuna shi ne ladabin ya tsaya a tsakar gida, bai bi mu bakin dam ba.

Je ka bakin kowace madatsa ranar kasuwa ka gani. Ga mai babur ya tura shi har cikin ruwa yana wanke baƙin mai. Ga masu wanki, kumfa na bin gaɓa. Ga manomi ya gama feshi ya zo yana ɗauraye tankinsa a inda yara ke iyo. Ga ledar ruwa da robar lemo da muka sha muka yar lokacin yawon sallah. A ɗan lungu kuma ga wanda ya zagaya bayan gari, wanda ruwan sama na farko zai kwaso ya kawo. Sai tsargiya ta biyo baya. Har yau akwai ƙauyukan da in yaro ya fara fitsarin jini ake cewa girma ne ya zo masa. Ba girma ba ne, tsutsa ce. Ƙwanta na fita cikin fitsari, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga jikin ƙananan dodon koɗi ya girma, ya fito ya huda fatar duk wanda ya shiga wanka. Tana da magani a asibiti, kuma in an ƙyale ta tana lalata mafitsara.

Wajen kamun kifi ma haka ne. Tsofaffin masunta sun san lokacin da ake ɗaga wa kifi ƙafa ya yi ƙwai, sun san girman idon komar da ya halatta, kuma maganar sarkin ruwa tana da nauyi a wurinsu. Yanzu akwai masu jan gidan sauro cikin ruwa, su kwashe har 'ya'yan karfasa da ba su kai ɗan yatsa ba. Akwai ma waɗanda tsoron Allah ya yi wa ƙaranci, masu zuba maganin ƙwari don kifi ya taso. Wannan kifin mu ke saye a soye da yaji, wannan ruwan kuma mu ke sha.

Amma babban abin da ke cin dam ba ya wari, ba ya kumfa, shi ya sa ba a maganarsa. Yashi ne da laka. Duk bishiyar da aka sare a saman ruwa, duk gonar da aka nome har bakin gaɓa, duk kwazazzabon da aka bari yana ci, ƙasarsa cikin dam take ƙarewa. Shekara bayan shekara tana kwanciya a gindi. Sai ka zo cikin Satumba ka ga ruwa shimfiɗe iya ganinka, ka ce alhamdu lillahi an cika, ba ka san zurfin ya ragu ba. Ƙananan madatsu su suka fi shan wannan wahala, wasunsu tun kafin bazara shanu ke ratsa tsakiyarsu. Idan aka zo nan a hira, akwai mai cewa, "To ai laifin mutanen ƙauye ne." Ni ban yarda ba. Manomin da ke bakin dam yana noma gaɓa ne don nan ce kawai ke da laima, kuma iyalinsa za su ci. Mai sare itace yana sarewa ne don akwai mai saye. Buhun gawayin da ke jingine a kicin ɗinmu daga dajin nan ya fito. Tumatirin Kadawa da Kwanar Gafan, da shinkafar Kura da Bunkure da Garun Malam, duk da ruwan Tiga aka noma su, mu ne kuma kan gaba wajen ci. Da mu da su duk a cikin lamarin muke.

Mu na birni ma muna da namu aikin da ya fi na kowa muni. Da hadari ya haɗu, iska ta fara kaɗawa, sai ka ga ana fitowa da kwandunan shara ana juyewa a kwata, wai ruwa ya tafi da ita. Ya tafi da ita ina? Ta cikin birni Jakara take bi, ta haɗu da ruwan masana'antun Bompai, ta tafi madatsar Wasai a Minjibir. A hanya da can ɗin ana ban-ruwan latas da kabeji da alayyafo da ita, washegari su dawo mana kasuwa. Ta kudu kuma ruwan majemun Sharaɗa da Calawa yana gangarawa kogin da matatunmu ke ɗiba. Gwargwadon dattin ruwa, gwargwadon alif da kulorin da zai ci, gwargwadon kuɗin da za a kashe kafin ya shawu.

Sai maganar bututu, wadda ita ce ke tayar da jijiyar wuya a majalisa. Wani zai kira mai gyaran famfo da dare ya huda babban layi ya ja nasa, a liƙe da roba da leda. Ƙananan bututanmu da yawa cikin kwata suke bi. Muddin akwai ruwa a ciki da ƙarfi, fita yake yi ta hujin. Da an ɗauke, sai bututun ya zuƙi abin da ke kewaye da shi, ranar da aka dawo da ruwa a turo mana shi har randa. Daga nan amai da gudawa ke samun ƙofa. Wani kuma zai ɗaura inji a kan layi ya janye na gida goma zuwa tankinsa, maƙwabta su yi ta jiran abin da ba zai iso ba. Babban bututu ya fashe a bakin titi, ya yi kwana da kwanaki yana ambaliya, dubban mutane su tsallake shi, kowa na cewa wani ya riga ya kai rahoto.

Idan takardar kuɗin ruwa ta zo kuwa, amsa ɗaya ce: "Ina ruwan da zan biya?" Mai wannan magana yana da gaskiyarsa. Akwai layukan da suka manta rabonsu da ruwan famfo, kuma ba adalci ba ne a nemi kuɗi a wurin wanda ba a ba shi komai ba. Haƙƙinmu ne mu tambaya, mu matsa, mu tuna wa duk mai neman ƙuri'a cewa jihar da ke da Tiga da Calawa da Watari bai kamata 'ya'yanta su makara makaranta saboda neman ruwa ba. Amma akwai gidajen da ruwan ke zuwa musu, su ma amsarsu ke nan. Kuma in ka zauna ka haɗa abin da gida ɗaya ke ba ɗan garuwa a wata, jarka mai lita 25 bayan jarka, za ka tarar ya ninka kuɗin takardar. Ba na ƙyashin ɗan garuwa, wallahi guminsa yake ci, tura kura cike da jarkoki a ranar Kano ba wasa ba ne. Abin da nake cewa shi ne talaka ne ya fi kowa sayen ruwa da tsada, kuma shi zai fi kowa cin moriya ranar da famfo ya tsaya da ƙafarsa.

Masu hali sun ce sun huta, sun haƙa burtsatse. Hausawa na cewa ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, amma a Kano ta yau akwai waɗanda suka tona suka tarar da dutse. Galibin ƙasan birnin nan dutse ne, ruwan da ke cikinsa a tsagogi yake, ba shi da yawa. Kowa ya kawo injin haƙa sai ya zarce na maƙwabcinsa zurfi, rijiyoyin gidajen da ke kewaye su ƙafe. Kududdufan da ke shayar da ƙasa kuma mun cike su mun yi gini. Burtsatse yana ceton gida ɗaya, ko masallaci, ko layi. Birnin da ke da miliyoyin mutane sai dam.

Dam kuma abin tsoro ce in aka yi sakaci da ita. Yawancin namu da ƙasa aka gina su, ƙasa kuwa tana son a riƙa duba ta: tsaga, ramin ɓera, saiwar bishiya, wurin da ruwa ke tsatsowa. Manyanmu ba su manta da Agustan 1988 ba, lokacin da Bagauda ta ɓalle. Yaran yanzu sun ga ɓallewar madatsar Alau da idonsu a waya cikin Satumbar 2024, yadda ruwa ya shanye unguwannin Maiduguri cikin dare ɗaya. Duk da haka muna haƙar yashi kusa da madatsa, muna gini a kan hanyar ruwa. Mutanen Bagwai kuma har gobe suna jimamin ƙarshen Nuwambar 2021, ranar da kwale-kwale ya kife a Watari da ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa maulidi. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Kada wanda ya sake yarda a ɗora masa yara a jirgin da ya cika, ko wanda babu rigar kariya a cikinsa.

Bayanmu ma akwai masu jira. Kogin Kano da na Calawa in sun haɗu su ne ke zama Kogin Haɗeja, ya bi ta Wudil ya nufi fadamun Haɗeja da Nguru har Gashuwa. Manoma da masunta da makiyayan can suna fama da kacalar da ta toshe musu hanyoyin ruwa, kuma yadda ake sakin ruwa daga madatsunmu yana shafar nomansu da kamun kifinsu kai tsaye.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne ba mu rasa kayan aiki ba. Mutanen da suka iya haɗa kuɗi su sayi taransifoma, su ɗauki 'yan sintiri, su yi gayyar yashe kwata kafin damina, ba za su kasa kula da ruwansu ba. Muna da masu unguwa, muna da limaman da ake jin maganarsu ranar Juma'a, muna da ƙungiyoyin matasa a kowane lungu. A bakin dam akwai dagatai da sarakunan ruwa da shugabannin manoman rani, waɗanda in aka zauna da su za a iya ware wurin wanki da na shayar da dabbobi nesa da inda ake ɗiba, a bar 'yar tazara tsakanin gona da gaɓa a dasa mata itatuwa. Malaman makaranta kuma, don Allah, cikin wuraren da kuke kai yara ziyara ku sa Tiga da Tamburawa, su ga inda ruwan ke kwana da yadda ake wanke shi.

Kai kuma mai karatu, in akwai bututun da ke zuba a layinku yau, kada ka ɗauka wani ya kai rahoto. Ka sami mai unguwa kafin magariba, ku rubuta takarda, ku kai ofishin ruwa, ku riƙa komawa kuna tambaya har sai an zo an gyara.